Kwalin da Malama Kulu Ta Adana

In ka shiga unguwar Sheshe ka tambayi gidan Malama Kulu, ko yaron da aka aika sayen ashana zai nuna maka, sai dai zai fara tambayarka, "Mai adana?" Haka ake kiranta a bayan idonta, kuma ta sani. Da can ba ta jin haushi, domin a wurinta wannan ba zagi ba ne, lambar yabo ce. Yanzu ne in sunan ya faɗo kunnenta sai ka ga ta kau da kai kamar an taka mata ƙafa.

Doguwar mace ce, mai tafiya a hankali, kai ka ce tausayin takalminta take ji. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a wata firamaren gwamnati da ke wajen Ƙofar Mazugal, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ta ɓatar da ko guntun alli ba. Guntun da wasu malamai ke jifan masu surutu da shi, ita tarawa take yi a gwangwanin madara.

Gadon abin ta yi. Mahaifiyarta, Inna Binta, tana da jeren kwanuka a kabet tun na aurenta, kwanukan langa masu furanni da samiru, da wata ƙatuwar kwalla ja mai murfi wadda ke zaune a can sama. Kowace Juma'a sai an sauke su an goge an mayar, amma ko ruwa ba a taɓa zubawa a ciki ba. Kulu tana ƙarama ta taɓa tambaya, "Inna, yaushe za mu ci abinci a wannan?" Inna ta ce, "Ranar da muka yi baƙon da ya isa." Baƙi kuwa sun yi ta zuwa, har da waɗanda suka sauko daga Makka, amma wanda ya isa bai taɓa sallama ba. Inna ta koma ga Allah tana cin tuwonta a tsohon kwano mai ɓantararren baki, kwanukan kuwa suka dawo ɗakin Kulu da kabet ɗinsu.

Mijinta, Alhaji Nata'ala, mai sayar da zare a kasuwar Ƙofar Wambai, ya daɗe da gajiya da faɗa, ya koma tsokana. Akwai turmin atamfa da ya saya mata ranar sunan ɗansu na fari. Ɗan nan yanzu 'ya'yansa uku, atamfar kuwa tana nan a ƙasan akwati da takardarta a manne.

"Kulu," yakan ce, "in don ranar ƙarshe kike ajiye ta, ki sani likkafani fari ake yi."

"Kai dai ka iya saye, Alhaji," takan ce. "Riƙewa kuwa sai mu."

Kada wani ya ɗauka rowa ce. Tukunyarta ba ta taɓa sauka ba a kai wa maƙwabta ba, kuma yara nawa ta ɗinka wa kayan makaranta ba wanda ya ji. Tsoro ne kawai. Duk abin da ya yi mata kyau a ido, tana kallonsa sai ta hango ranar da zai fashe, daga nan sai ta nemi leda.

Saura shekara uku ta yi ritaya wata ƙungiya ta aiko wa makarantarsu takarda, tana neman malami ɗaya ya je bita ta kwana uku a kan koya wa yara ƙanana mutum-mutumi, wato na'urar nan da ake ba wa umarni ta yi aiki da kanta. Kowa ya san Malam Abdulbaqi ya kamata ya je, saurayin malamin da ke koyar da kwamfuta a jikin allo, tunda makarantar ba ta da ko ɗaya. Amma da hedimasta, Malam Ɗahiru, ya karanta ya ga an ce za a ba kowace makaranta na'ura guda, sai ya ninke takardar ya aika a kira Malama Kulu. "Ke za ki je, Hajiya," ya ce. "Ke ce abin da aka ba ki ba ya salwanta."

Ta tafi tana tsammanin za ta ga wani ƙaton ƙarfe mai kai da hannaye irin na cikin fim. Sai ga wata yarinya da ba ta kai 'yar autarta ba, ita ce mai koyarwar, ta ajiye wani ɗan abu a ƙasa wanda bai fi kwanon sha girma ba. Shuɗi ne, da taya biyu, a gadon bayansa kuwa maɓallai huɗu masu zanen kibiya: gaba, baya, dama, hagu, sai ɗaya kore a tsakiya. Yarinyar ta danna nan ta danna can, ta taɓa koren, sai abin ya yi ɗan kuka ya kama hanya. Ya yi gaba, ya tsaya, ya juya, ya nufo Malama Kulu. "La'ilaha illallahu!" ta ce, ta ɗage ƙafafunta sama, ɗakin ya ɗauki dariya.

Sai aka zo kanta. Ta lissafa takun a zuciya, ta danna, ta saki. Abin ya zagaye ƙafar kujera ya dawo ya tsaya daidai gaban takalminta, kamar yaron da aka aika ya dawo da saƙo. Mace mai jikoki ta tafa hannu ta yi shewa a gaban mutane, ba ta ma san ta yi ba. Abin da ya fara zuwa ranta shi ne 'yan ajinta. Shekara talatin da biyu tana zana musu abubuwa a allo tana cewa su yi tunanin suna motsi. Yau ga abu yana motsi da gaske.

Ranar rufe bita aka ba kowa kwalinsa. Yarinyar ta sa wa na Malama Kulu sababbin batira huɗu, ta gwada ya yi, ta mayar da shi ciki tare da wata 'yar takarda a naɗe. "Mama, ga shi nan a shirye, kunnawa kawai za ki yi. Ki bar yara su taɓa shi, don su aka yi shi." Malama Kulu ta ce to. Rabin farko na maganar ya zauna mata daram, rabin ƙarshe kuwa tun kafin ta sami adaidaita ya bi iska.

Ɗakin ajiyar makaranta ba shi da ƙofar kirki, don haka Malam Ɗahiru ya yarda ta tafi da shi gida. Ta sa kwalin a leda, ta naɗe ledar da sabon ɗankwali, ta tsaya tana duba inda ya dace da shi a ɗakin. Wuri ɗaya ne ya isa. Ta hau kujera ta buɗe jar kwallar Inna, ta saka shi, ta rufe. Kabet ɗin yana jingine da bangon yamma, wanda rana ke duka tun daga azahar, a ƙarƙashin rufin kwano.

Niyyarta ta kai shi ranar Litinin, wannan kam Allah ne shaida. Amma da ta tsaya a ƙofar aji huɗu da safen nan, ta dubi yara casa'in da uku suna turereniya a kan benci shida da tabarma biyu, sai ta canza shawara. Ta tuna taswirar da aka taɓa kawo musu, kwana tara ta yi a bango. Ta tuna agogon aji. Ta dubi hannayen nan masu maiƙon awara da ƙasa, ta ce a ranta, a'a, bari dai su fara koyo tukuna.

Nan ta ƙirƙiro wasan da har yau yaran unguwar ke yi. Ta sa aka ture benci, ta zana gida-gida a ƙasa da gawayi, ta ɗaure wa yaro ɗaya ido da ɗankwali ta ce shi ne mutum-mutumi. Ba shi da ido, ba shi da ra'ayi, abin da aka ce masa kawai zai yi. Wani yaron kuma shi ne mai umarni, kalmominsa huɗu ne, gaba, baya, dama, hagu, kuma dole ya faɗe su duka tun kafin a fara tafiya. Ranar farko aka tura wani Sule kai tsaye cikin bokitin ruwan sha. Da aji ya gama birgima don dariya, yara suka fara yi wa Sule tsiya, sai ta buga tebur.

"Wa ya yi laifi? Sule ya ga bokiti?"

"A'a, Malama!"

"To ku riƙe wannan. Mutum-mutumi ba ya kuskure. In ya faɗa rami, mai umarni ne ya jefa shi. Ku maimaita."

Suka maimaita har ta zama musu waƙa. Gaskiya a faɗe ta, Malama Kulu ta iya koyarwa. Cikin wata guda yaran da ba su san damansu da hagunsu ba suka koma tsara taku goma a ka. Wasan ya fita daga aji ya shiga lunguna, har wata uwa ta zo ƙara, wai ta aiki ɗanta ya miƙo mata ludayi ya tsaya ƙiƙam ya ce ba ta faɗi dama ko hagu ba. Ta ba su labarin inda ake amfani da irin waɗannan na'urori: masu haɗa motoci a masana'anta, masu taya likita aiki, masu shiga ƙarƙashin ginin da ya rufta su nemo mai sauran numfashi. Kuma ta gaya musu cewa tana da guda a gida, na gaske, shuɗi.

"Ranar da kuka iya, ba kuskure ko ɗaya," ta ce, "zan kawo muku shi ku gani da idonku. Na yi alkawari."

A cikin ajin akwai wata 'yar ƙanƙanuwar yarinya, Shamsiyya, wadda ba a cika jin muryarta ba. Mahaifinta, Malam Jibrin, yasar rijiya yake yi. Shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi cikin tsofaffin rijiyoyin gidajen cikin gari ya kwaso laka. In aikin ya faɗo a unguwarsu, Shamsiyya takan je ta tsuguna nesa kaɗan da bakin rijiyar, ba ta wasa, ba ta magana, tana sauraron tarinsa daga ƙasa. Muddin tana jin tari, to yana nan. Ranar da aka yi zancen ginin da ya rufta, sai ta ɗaga hannu.

"Malama, yana iya shiga rijiya?"

"Akwai masu shiga inda mutum ba zai iya numfashi ba."

"Ba sai an zura mutum ba?"

"Ba sai an zura mutum ba."

Daga ranar wasan ya daina zama wa Shamsiyya wasa. A gida da ƙannenta take yi, a hanya da duwatsu. Kafin ƙarshen zango ta tsara taku ashirin da biyu a ka, ta bi da wata ƙawarta ta tsakanin takalma da bokiti da ƙafar tebur, ko gezau. Aji ya yi tafi. Ta juyo ta dubi Malama.

"Malama, mun iya?"

Malama Kulu ta dubi sauran casa'in da biyun. "Ke kin iya," ta ce. "Saura 'yan'uwanki."

Daga nan uzuri ya yi ta haihuwar uzuri. Zango na biyu aka ce jarrabawa ta matso, kada hankalin yara ya rabu. Da damina ta sauka ta ce ruwa zai iya kama ta a hanya, ga lungunan nan da kwata ke ambaliya. Azumi ya zo, yara a galabaice. Bayan salla kuma sai ga shekara ta ƙare, su Shamsiyya suka wuce aji biyar, wasu sababbi tamanin da wani abu suka zauna a tabarmarsu. Su ma aka zana musu gawayi, su ma aka yi musu alkawari. Kowace Juma'a Malama Kulu takan sauke kwanuka ta goge, ta ɗaga murfin kwalla ta leƙa ɗaurin ɗankwalin, ta ji sanyi a ranta cewa yana nan lafiya, ta mayar da murfi.

Malam Abdulbaqi ya roƙe ta ya fi sau biyar ta ba shi aro ko na yini ɗaya ne. "Ku yaran zamani," ta ce, "komai aka ba ku sai kun kwance shi kun ga hanjinsa." Ya yi dariya ya ƙyale ta, don a shekaru ta haife shi. Alhaji Nata'ala kuwa sau ɗaya ya ajiye tsokana ya yi mata magana da gaske. "Alkawari kaya ne, Kulu, kuma na yara ya fi nauyi. Babba in ka saɓa masa zai ce uzuri ne. Yaro cewa zai yi haka duniya take." Ta ce ai ba fasawa ta yi ba, lokaci take jira.

A shekara ta biyu magana ta fara yawo a makaranta cewa babu wani mutum-mutumi, Malama ce ta ƙirƙira don a yi mata shiru a aji. Wata Talatu ta faɗa a gaban Shamsiyya, suka kaure da dambe har hijabi ya yage. Da la'asar ɗin ranar sai ga sallama a tsakar gidan Malama Kulu. Shamsiyya ce, da yagaggen hijabinta da shatin farce a kumatu.

"Malama, don Allah ki bar ni in gan shi. Ko daga nesa ne. Ba zan taɓa ba."

Tausayi ya kama Malama Kulu. Ta shigar da ita ɗaki, ta hau kujera ta sauko da ɗaurin, ta kwance ɗankwali, ta zare leda. Ga kwali fes, da hoton abin a jikinsa, shuɗi, yana sheƙi. Yarinyar ta mayar da hannayenta baya ta harɗe su, ta sunkuya tana kallo kamar mai leƙen jariri.

"Yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ki ɗan kunna shi, Malama?"

Hannun Malama Kulu har ya kai bakin kwalin. Da ta buɗe a ranar, da wannan labari bai zama abin bayarwa ba. Amma sai ta tuna batir ƙarewa yake yi, ta ce in ta kunna wa mutum ɗaya ta ci rabon sauran. "A bar wa ranar," ta ce. "Ke za ki fara ba shi umarni, na yi miki wannan." Shamsiyya ta tafi da murna, washegari ta gaya wa duk mai kunne cewa ta ga kwalin da idonta. Aka ce mata kwali ai ko na taliya kwali ne.

Haka bazara uku suka wuce a kan rufin kwanon nan. Sai ga takardar ritaya ta iso, ranar aikinta na ƙarshe ta faɗo daidai da ranar rufe makaranta, wadda kuma ita ce ranar ƙarshe ta su Shamsiyya a aji shida. Yanzu kam babu sauran gobe. Malama Kulu ta shiga azuzuwa ukun da ta yi wa alkawari, ɗaya bayan ɗaya, ta ce ranar Alhamis kowa ya zo da wuri.

Ranar Laraba da yamma Alhaji ya dawo daga kasuwa ya tarar ta sauko da ɗaurin ta ajiye a kan gado. "To ki gwada shi mana tun yau," ya ce. "Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Sabo ne fil, Alhaji. A gabana aka gwada shi. So kake in ƙarar da batir a kanka, kai da ka ga jiya ka ga yau?"

Da safe ta rungumo shi a ƙirji ta bi lungu, ko adaidaita ta ƙi hawa don kada a girgiza shi. Ta tarar yara sun share aji huɗu har sun yayyafa ruwa, abin da ba su taɓa yi ba sai da bulala. An fitar da benci duka. An zana hanya da gawayi, dogon layi mai kwana biyu. Yara sun fi ɗari biyu, na gaba a zaune, na baya a tsaye, waɗanda ba su sami wuri ba sun cika tagogi har ɗakin ya yi duhu. Malam Ɗahiru da Malam Abdulbaqi suna bakin ƙofa. Ba ta taɓa jin yara masu yawa haka sun yi shiru irin na ranar ba.

Ta durƙusa ta kwance ɗankwali, ta zare leda. Da ta ɗaga kwalin sai ta ga gindinsa ya yi wani tabo kamar an ɗiga mai, ga kuma wani ɗan wari mai kama da na tsohon ƙarfe. Ta ce a ranta gumin ajiya ne. Ta buɗe, ta fito da shi. Ɗakin ya ɗauki "Kaiii!" a tare. Yana nan shuɗi, yana sheƙi kamar ranar da aka ba ta. Talatu ma da ke taga ta riƙe baki.

"Shamsiyya," ta ce, "zo ki ba shi umarni."

Yarinyar ta fito, ta yi tsawo yanzu, ta tsaya a kan layin ta auna shi da ido. "Gaba uku. Dama. Gaba biyu. Hagu. Gaba huɗu." Malama Kulu ta danna su ɗaya bayan ɗaya, ta yi bisimilla, ta taɓa koren.

Shiru.

Ta sake dannawa da ƙarfi. Ta ɗaga shi ta duba makunnin da ke ƙasa, ta tura shi nan ta tura shi can, ta ajiye, ta danna. Wani ƙaramin yaro a gaba ya ce, "Gaba!" a hankali, kamar mai lallashin akuya. Sauran suka kama. "Gaba! Gaba! Gaba!" Ɗaki ya ɗauka har tagogi, suna tafi, suna dariya, sun ɗauka haka ake tashinsa. Abin yana zaune a kan gawayi bai ko motsa ba. Sannu a hankali muryoyin suka yi ta raguwa har suka mutu.

Malam Abdulbaqi ya ratso yara ya durƙusa kusa da ita. Ya juya shi, ya sa ɗan makulli ya ɓalle murfin batir. Wani farin gari mai haɗe da kore ya zubo masa a tafin hannu. Batiran huɗu sun kumbura sun fashe, ruwansu ya cinye ƙarafan da ke riƙe da su, ya bi wayoyi ya shige ciki. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zaro 'yar takardar nan da ke cikin kwali, wadda ba a taɓa warwarewa ba, ya karanta, ya yi sauri ya mayar da ita cikin kwalin.

"Me takardar ta ce?" Malama Kulu ta tambaya.

"Hajiya, a bar shi kawai."

"Abdulbaqi, me ta ce?"

Ya sassauta murya yadda yara ba za su ji ba. "Ta ce in za a ajiye shi ya daɗe, a cire batir. Zafi ne ya fasa su. Da ana wasa da shi, da tuni sun ƙare an sa wasu, ba abin da zai same shi."

"A sayo sababbi. Ga kanti nan a bakin titi."

"Ya ci har ciki, Hajiya. Ya daɗe da mutuwa. Ina jin tun bara, ko kafin nan."

Tun bara. Wato duk Juma'ar da ta ɗaga murfi ta ji sanyi a ranta, gawa take leƙawa. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da uwarta ta haife ta, ta rasa inda za ta sa idonta. Tana nan durƙushe sai ta ji muryar Shamsiyya a kanta.

"Malama, ko ni ce na yi kuskure? Bari in sake. Wataƙila gaba huɗu ne da farko."

Kafin ta amsa, wani daga baya ya ce, "Ai mutum-mutumi ba ya kuskure!" Wasu suka ƙarasa masa, da muryar waƙar da ta koya musu, "Mai umarni ne ya jefa shi!" Idanu suka koma kan yarinyar. Ta sunkuyar da kai tana ƙirga layin gawayin da yatsa, leɓenta na motsi, hawaye na ɗiga a kan hijabinta, tana neman inda ta ɓata.

Malama Kulu ta dafa ƙasa ta miƙe. "Ku yi shiru," ta ce. "Umarninta daidai ne, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Kun iya tun tuni, dukkanku. Tun kuna aji huɗu kuka iya. Ni ce na ɓoye shi har ya lalace. Ni ce." Ba su taɓa jin babba ya faɗi irin wannan ba. Suka yi ta kallonta kawai.

Ta karɓe shi daga hannun Malam Abdulbaqi, ta goge garin da gefen mayafinta, ta kamo hannayen Shamsiyya ta ɗora mata. "Riƙe. In kin gama ki miƙa wa na kusa da ke. Kowa ya taɓa."

Yarinyar ta riƙe shi da hannu biyu. Ta shafa maɓallan, ta juya tayar da ɗan yatsa, tayar ta juya. "Zan gaya wa Baba na riƙe shi," ta ce. Ta sake juya tayar. "Zai tambaye ni ko ya yi tafiya." Shamsiyya ta miƙa wa na kusa da ita, ta ratsa ta fita, kuma daga ranar ba ta sake tako makarantar ba, don ta gama.

Abin ya yi ta zagayawa. Daga na zaune ya koma na tsaye, aka miƙa shi ta taga ya bi 'yan waje, ya dawo ta ɗaya tagar. Ba wanda ya yi warwaso, ba wanda ya ture wani. Sule, wanda aka taɓa turawa cikin bokiti, sai da ya goge hannayensa a wando sau biyu kafin ya karɓa. Aka kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa sai da na ƙarshe ya taɓa. Sannan suka fita ɗaya bayan ɗaya, wasu na cewa, "Malama, sai wata rana," wata 'yar ƙarama ta kawo mata shi ta ajiye a tafin hannunta.

Da ɗakin ya zama ba kowa, halin nata bai bar ta ba, sai da ta kai shi bakin taga ta duba ɓarnar da aka yi. Ta juya shi sama da ƙasa. Ta ƙirga maɓallai, biyar cif. Ta duba tayoyi, ta duba gefe da gefe, ta kara shi da haske ta sake dubawa. Hannu sama da ɗari huɗu sun taɓa shi, hannayen nan da ta shekara uku tana tsoro, ko ƙwarzane ɗaya babu.

Nan Malama Kulu ta zauna a ƙasa, a kan layin gawayin, ta yi kuka.